Sabara, Kwamfuta da Amanar Magani

A ƙarshen daminar da ta gabata, sa'ad da hatsi ya fara nuna, ɗan ƙanena da ke karatun ilimin sinadarai a jami'a ya zo hutu gida Tsibiri, ya same ni a zaure bayan sallar la'asar, ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ya ce, "Baba, zo ka ga sabara." Na matsa ina tsammanin ganin ganyen nan mai toka-toka wanda kowane ɗan Gobir ya sani tun yana goye a bayan uwarsa, sai na tarar da ɗige-ɗige, waɗansu kore, waɗansu jajaye, an sarƙe su da siraran zaruruwa kamar komar masunta da aka shanya a bakin gulbi. Ya bayyana mini cewa kowane koren ɗigo sinadari ne daga cikin waɗanda aka ce suna cikin tsiron, kowane jan ɗigo kuma furotin ne na jikin ɗan Adam, zaren da ya haɗa su kuwa alama ce ta cewa lissafi ya ba da zaton wannan zai kama wancan. Na yi murna ƙwarai da ganin yaron gidanmu ya kai ga irin wannan fanni, amma da yake ni almajiri ne da aka yi wa tarbiyya a kan neman asalin kowace magana, sai na ce da shi, "Madalla. To, wannan sabara ta wace gona ce, wa kuma ya ruwaito maka abin da ke cikinta?" Ya yi shiru jim kaɗan, kana ya ce, "Gaskiya, Baba, ban taɓa ko ganye ɗaya ba. Daga rumbun bayanai na intanet na kwaso sunayen."

Wannan amsa, wadda ya ba ni da gaskiyar zuciya, ita ce sanadin rubutun nan. Ra'ayina, wanda nake so in kafa masa hujja gwargwadon iko, shi ne cewa lissafin kwamfuta a kan itatuwan magani alheri ne da ya kamata mu karɓa hannu bibbiyu, amma matsayinsa bai wuce na ƙiyasi ba, ƙiyasi kuwa ba ya tsayuwa sai da asali ingantacce a ƙarƙashinsa, ba ya kuma zama hukunci a kan jikin mutum sai an jarraba shi. Asalin yana bakin tsofaffinmu da cikin gonakinmu, jarrabawar kuwa tana asibiti, duk wanda ya tsallake waɗannan biyu ya ɗauki zanen allo ya kai kasuwa, ya ci amanar ilimi, ya kuma ci amanar majiyyaci.

Bari mu fara da kalmar da ta cika bakin masu talla a wannan zamani, wato antiyoksidan, wadda ma'anarta ita ce mai hana tsatsar jiki. Manomin da ya bar hauyarsa ta kwana a raɓa ya san yadda ƙarfe yake yin ja ya ci kansa, mai cin goro kuma ya san yadda ɓarin da aka gutsura aka ajiye yake rinewa kafin a jima. Duka biyu aikin iskar oksijin ne, wadda ita ce dai muke shaƙa mu rayu. Haka nan a cikin jiki, yayin da ƙwayoyin halitta suke ƙona abinci su fitar da ƙarfi, akan sami waɗansu ɓarɓashin sinadarai marasa natsuwa, masu faɗa wa duk abin da suka tarar, kitse ne ko furotin ko ƙwayar gado, su yi masa lahani. Ubangijin da Ya halicci jiki Ya sanya masa masu gadi na kansa da ke dakushe kaifin waɗannan ɓarɓashi, ganyaye da ƴaƴan itace kuma suna ɗauke da sinadarai masu irin wannan aiki. A shekarar 1956 wani masani na Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wannan tsatsa ce asalin tsufa, tun daga nan kuwa zukatan mutane suka karkata ga zaton cewa duk abin da ya hana tsatsa zai hana cuta.

Zaton yana da daɗin ji, gwada shi a kwalba kuma yana da sauƙi da araha, shi ya sa ya yawaita a takardun ɗalibanmu. Akwai wani ruwa mai launin shunayya da ake amfani da shi tun 1958, wanda akan ɗiga masa ruwan ganye, in ya koɗe ya koma rawaya, sai a rubuta cewa ganyen yana da ƙarfin hana tsatsa. Amma wanda ya taɓa tsayawa a majema ya ga yadda ake jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa, ya riga ya ga sirrin al'amarin. Sinadarin da ke sa bauri a bagaruwa, wanda akwai danginsa a sabara da marke da kalgo, ɗabi'arsa ce ya kama kowane furotin da ya gamu da shi, da haka ne ma yake mayar da ɗanyar fata jemammiya, yana kuma koɗar da ruwan gwajin nan take. Ashe ba abin mamaki ba ne a ga kusan kowane itace mai bauri ya ci wannan jarrabawa, ko a ga kwamfuta ta nuna shi riƙe da furotin barkatai. Abin da ya rage a sani shi ne ko sinadarin yana tsallake tumbi da hanji ya shiga jini, ko hanta tana barinsa yadda yake, ko kuma abin da ya isa inda ciwon yake ya kai ya yi tasiri, kwalba kuwa ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da aka kai maganar ga mutane masu rai, sakamakon ya zo da abin da ya isa ya sanya kowa tawali'u. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba fiye da 29,000 shekara da shekaru, ana ba waɗansunsu ƙwayar bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda ya shahara da hana tsatsa. Da aka bayyana sakamako a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga waɗanda suka sha. A Amurka an yi makamancin wannan gwaji a kan mutum fiye da 18,000, aka dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, domin ƙarin ya kai kashi 28 cikin ɗari. A 2012 kuma ma'aikatar gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin hana tsatsa a abinci iri-iri, bisa dalilin cewa ƴan kasuwa suna fakewa da shi, alhali lambobin ba su nuna abin da ke gudana a jikin mutum. Wannan bai rage darajar cin ganye da ƴaƴan itace ba ko kaɗan, domin amfaninsu tabbatacce ne. Abin da ya rushe shi ne da'awar cewa an kama sirrin a sinadari guda wanda za a tatse a ɗura a kwalba.

Akwai kuma izina a cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ƴaƴanmu yau a asibitocin birni da ƙauye. Asalinsa wani nau'in tazargade ne na ƙasar Sin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarinsa a 1972, bayan sun tattara magunguna fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani, har ta tarar da wani littafi na ƙarni na huɗu da ya yi umurni a jiƙa ganyen a matse ruwansa, ta fahimci cewa zafin tafasa ne yake ɓata shi. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Sinadarin nan, a bisa fahimtar masana, yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar haifar mata da irin ɓarɓashin da ake tallar kawar da su, fararen ƙwayoyin jininmu ma da wannan makami suke yaƙar cuta. Abin da ake kira tsatsa ke nan yana da ranarsa a cikin hikimar halitta, aikin da ya ceci miliyoyin rayuka kuwa ya soma ne da karanta abin da magabata suka bari da idon basira, ya ƙare da gwaji a kan majiyyata.

Kada mai karatu ya ɗauka ina raina hanyar da ɗan ƙanena yake bi. Tunanin da aka gina ta a kai, wato duban sinadarai da furotin a matsayin raga guda, wanda Li Shao na jami'ar Tsinghua ya daɗe yana bi a kan magungunan Sin, Andrew Hopkins na Birtaniya kuma ya raɗa masa suna a 2007, ya fi kusa da fahimtar masu maganinmu a kan tsohon ra'ayin neman sinadari ɗaya ga cuta ɗaya, domin ƴar mai ganye ta daɗe da sanin cewa haɗi yana yin abin da tilo ba ya yi, jiki kuma saƙa ne, in an ja zare ɗaya sauran sukan motsa. Ganye guda yana iya ƙunsar ɗaruruwan sinadarai, gwada kowannensu a ɗakin bincike kuwa yana cin kuɗin da ƙasa irin Nijar ba ta da su, alhali kwamfuta tana iya auna siffar kowane sinadari da siffar furotin, kamar mai gwada mabuɗai a bakin kwaɗo, ta ware goma daga cikin dubu waɗanda suka cancanci a kashe musu kuɗi. Tun da aka sami manhajar da ke hasashen siffar furotin, wadda maƙeranta suka sami rabo a kyautar Nobel ta 2024, aikin ya ƙara sauƙi, har ɗalibin da ke zaune a Maraɗi yana iya taɓa abin da a da sai manyan kamfanoni. Rariya ce mai kyau, mai ƙaramin rumbu kuwa ya fi kowa bukatar rariya.

Sai dai rariya abin da aka zuba mata take tankaɗewa. Malamanmu na hadisi, Allah Ya jiƙansu, ba su karɓar magana don daɗinta, sai sun bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, sun san wa ya ji daga wa, wane ne mai kiyayewa, wane ne mai rafkanwa. Da za a ɗora zanen ragar nan a kan wannan ma'auni, da an ga yankewar isnadi a wurare da yawa. Jerin sinadaran daga wani bincike aka kwaso shi, wanda la'alla an yi shi a kan tsiron wata ƙasa mai ruwa da turɓaya daban, alhali kowane mai magani ya san ganyen fadama da na jigawa ba ƙarfinsu ɗaya ba, haka ma na damina da na bazara. Furotin da aka ce sinadarin zai kama, da yawansu hasashe ne da wata manhaja ta yi bisa kamanni, sa'an nan a ɗora hasashe na biyu a kan na farko, na uku a kan na biyu. Shi ya sa mai bin waɗannan takardu zai ga sunaye biyu ko uku, irin su kwasetin da kamferol, suna fitowa zakaru kusan a kowane tsiro da kowace cuta, saboda su ne aka fi yawan rubutu a kansu. Kwasetin kuwa yana cikin albasar da ake yankawa kullum a miya, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa yake isa jini yadda yake. Ruwaya irin wannan ana rubuta ta don a bincika, ba a yin fatawa da ita.

Ga shi kuwa ana yin fatawar a kasuwanninmu. Wata ranar kasuwa a Maraɗi na tsaya kusa da wata mota da aka ɗaura wa lasifika, mai ita yana ɗaga kwalbar garin ganye yana rantsuwa cewa masana sun gwada a kwamfuta, maganin suga ne da hawan jini da sanyi da daji, har yana nuna wata takarda mai zanen raga irin wanda na gani a zaure. Wata ƴar'uwarmu mai ciwon suga ta sayi irin wannan kwalba, ta ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata, ba mu farga ba sai da wani ɗan miki a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa. Da ƙyar, bayan makonni a gadon asibiti, Allah Ya sa aka ceto ƙafar. Mai yiwuwa garin zogala ne zalla wanda ba ya cutar da kowa, laifin yana ga da'awar da aka lulluɓe shi da ita. Mai maganin gargajiya na ƙwarai ya san iyakarsa, yakan ce wannan ba nawa ba ne, a kai shi gaba. Shi kuwa mai lasifika aron rigar malamai ya yi don ya sayar da abin da malaman ba su faɗa ba. Ɗalibin da ya rufe takardarsa da cewa tsiro kaza yana maganin cuta kaza, alhali bai wuce allo ba, ya sani cewa da hannunsa a ɗinkin rigar.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a fagen tantance magani. Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara magunguna da abinci wajen 1,400, yana yawo ƙasa-ƙasa yana duban tsiro da idonsa, yana rarrabe abin da ya ji da abin da ya jarraba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kakanninmu suka yi karo da shi a Gawakuke a 1836, karon da ya zama sanadin kafa Tsibiri, ya bar rubuce-rubuce a fannin ɗibbu, har da risala a kan basir da wata a kan filasko, ilimi kuwa ba ya gadon gaba. A kundayen malaman zaure akan ga an rubuta mujarrabi a gefen wani laƙani, an bar wani haka nan, alamar sun san tazarar da ke tsakanin ji da gwaji. A 1916 likita J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1980 kuma aka buga binciken tsirran maganin Nijar da Farfesa Adjanohoun ya jagoranta, a ƙarƙashin hukumar da Ɗan Dikko Ɗankulodo yake shugabanta a lokacin, mutumin da jami'ar Maraɗi take ɗauke da sunansa a yau. Fiye da shekara arba'in ke nan, galibin dattawan wancan zamani sun riga mu gidan gaskiya, magadansu kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ke ƙirjinsa.

Saboda haka aikin da nake ganin ya zama fardu kifaya a kan masu iliminmu da ƙafa ake fara shi. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, da cibiyar binciken noma ta Tarna, suna zaune a tsakiyar taska, ga Tsibiri ta arewa maso yamma, ga Jiratawa ta kudu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ya kamata a aika ɗalibai, da izinin fada da yardar masu abin, su durƙusa gaban ungozoma da wanzami da maɗori da maharbi da ƴar mai ganye, su rubuta wane itace ne, wane sashe nasa, yaushe ake ɗiba, da me ake haɗawa, nawa ake sha, wa aka hana wa. Su kuma busar da reshe da fure su adana, domin suna ɗaya yakan hau itace biyu, itace ɗaya kuma yakan amsa suna uku tsakanin Gobir da Katsina da Damagaram. Sa'an nan a tatsi ganyen ƙasarmu a auna abin da ke cikinsa, a shigar da shi rumbunan bayanai na tsirran Afirka, irin wanda Fidele Ntie-Kang na Kamaru da abokansa suka soma, a nan ne kwamfuta za ta sami tsabar tankaɗe. Abin da ta ware a kai shi ɗakin gwaji, a fara da tambayar ko yana da dafi ga hanta da ƙoda da mai ciki, kana a kai ga majiyyata bisa ƙa'ida da yardarsu. In an dace kuwa, a tuna cewa yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tabbatar wa masu ilimin gado haƙƙinsu a cikin amfanin da ya fito, sunan tsohuwar da ta nuna itacen ya cancanci shiga takarda, rabonta kuma ya isa hannunta.

Akwai ma tambayoyi na kusa da suke jiran mai amsawa. Zogalar Jiratawa, wadda mu nan muke kira tamakka, ana tsinkar ta a lambunan gulbi a cika buhuna zuwa kasuwannin nesa, kwaɗonta da ƙuli-ƙuli kuma abinci ne mai furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin, wanda ba ya bukatar a yi masa ƙarya kafin a so shi. Uwar gida tana so ta san ko shanyar inuwa ko ta rana ce ta fi kiyaye amfanin ganyen, da kuma tafasa nawa yake jurewa; mai saye yana so ya san ko maganin ƙwarin da aka fesa ya saura a jikinsa; ungozoma tana so a bayyana mata haɗarin saiwar ga mai juna biyu. Amsa ɗaya ingantacciya a kan waɗannan ta fi wa jama'a zanen raga ɗari amfani.

Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa sai itacen yana tsaye. Wanda ya ga maɗacin da masu neman ɓawo suka feƙe kewaye har ya bushe a tsaye, ya san cewa kasuwar magani tana iya cinye uwarta. Amma ƙasarmu ta riga ta nuna wa duniya hanyar gyara, tun da a nan jihar Maraɗi ne, a 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara saiwoyinsu suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, manomanmu kuma suka ɗauki sassabin zamani, suna barin tofo biyu ko uku su tashi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Cikin itatuwan da suka fi tasowa ta wannan hanya akwai kalgo da sabara, wato kantin maganin talaka ne ya dawo bakin gonarsa.

Kafin hutunsa ya ƙare na haɗa ɗan ƙanena da wata tsohuwa ta unguwarmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran layin, shi ma a hannunta ya faɗo. Da sassafe suka fita bayan gari, ita a gaba da sandarta, shi a baya da littafi da alƙalami. Ta tsaya a gindin wata sabara, ta ce, "Ɗan nan, ganyen daban, saiwar daban, waɗannan ƙulle-ƙullen na jikin reshe su ma daban, kowanne da wanda ake ba shi." Da ya dawo ya buɗe kwamfutar, ya duba jerin sunayen da ya kwaso, sai ya ga a cikinsu babu inda aka ce wanne ne na ganye, wanne ne na saiwa. Na ga ya ɗauki littafinsa, ya rubuta kwanan wata a saman shafin farko, ya rubuta sunan gonar, kana ya rubuta sunan tsohuwar da na wadda ta koya mata. Allah Ya ba shi ikon kai wannan isnadi har gadon majiyyaci, Ya kuma ba mu irinsa da yawa tun masu ruwayar suna raye.